Maɗorin Damri a Gaban Alƙali

Shekara ta uku ke nan da ruwan dam ɗin Bakolori ya haɗiye garuruwan bakin gulbi lokacin da wannan al'amari ya sami Hashimu, maɗorin Damri. Dattijo ne da ya haura saba'in, gajere, mai kaurin yatsu, wanda bayansa ya fara rusunawa saboda yawan durƙuso a kan ƙasusuwan mutane. Ɗori gadon gidansu ne tun kakan kakansa. Tare da sana'ar kuma ya gaji wata ƙa'ida wadda gidan ya ɗauke ta daidai da sana'ar kanta: ba a tambayar mai karaya yadda aka yi ya karye, idan kuwa maɗori ya gane da yatsunsa, to ba ya faɗa wa kowa, ko da matarsa ce. Ranar da mahaifinsa ya fara miƙa masa ƙafar mutum ya ja, sai da ya sa shi ya ɗauki wannan alkawari a gaban baffanninsa biyu.

Ƙa'idar ta yi wa mutane rana. Wanda ya faɗo daga katangar da ba tasa ba yana zuwa, wanda ya karye a faɗan makiyaya da manoma yana zuwa. A shekarar da rikicin gonaki ya tashi, an yi ta kawo masa maza a kan jakuna, waɗanda ba su yarda su doshi asibiti ba don tsoron a rubuta sunansu. Ya ɗora su duka, suka warke, suka koma gidajensu, kuma ba wanda ya taɓa jin sunan ɗayansu daga bakinsa. Sai dai aikin ya ci ƙarfinsa. Tun da aka fara ginin dam, da leburorin da ƙarfe ya danne, da masu babur da suka zame a kan sababbin hanyoyi, zaurensa bai yi yini guda babu mai nishi ba. Ya gaji ƙwarai, ga shi ba wanda zai bar wa, domin 'ya'yansa maza biyu sun tafi tuƙin mota.

Wata Laraba da hantsi yana zaune a zaure yana feƙe karan dawa na ɗauri, sai mata biyu suka yi sallama. Ɗaya tsohuwa ce doguwa, ɗayar kuwa ba ta wuce shekara talatin ba, ta naɗe hannunta na hagu cikin mayafi. Ƙaramar ya gane tun kafin ta durƙusa. Lantana ce, matar wani Mamuda da ke zaune a Ruwan Gizo. Wata biyu da suka wuce ya kwance mata ɗauri a wannan hannun.

Aka gaisa, aka tambayi gida da iyali da gajiyar hanya, aka koma kan sanyin bana, aka sake dawowa kan lafiyar gida. Sa'an nan tsohuwar ta gyara zama.

Ta ce, "Malam Hashimu, ni ce Hindu, ƙanwar uban wagga yarinya. Daga Faru muke. Jiya a Mafara muka kwana."

Ya ce, "Hannun ne ya tashi?"

"Hannu lahiya lau, Allah shi saka ma da alheri. Magana ce ta kawo mu."

Ya ajiye wuƙar. Hindu ta fara bayani a tsanake, da muryar wadda ta riga ta maimaita zance guda a wurare da yawa. Ranar da aka kwance ɗaurin, Lantana ba ta ƙara kwana uku a ɗakin mijinta ba, ta yi yaji. Mahaifinta ya rasu, gidan da aka haife ta kuma yana ƙarƙashin ruwa, saboda haka wurin gwaggonta ta nufa a Faru. Mamuda ya aika biko sau biyu, ta ƙi. Sai ya kai ƙara kotun alƙali a Talata Mafara, yana neman a mayar masa da matarsa. A bakin kotun ne wata mata ta nuna musu ofishin jin daɗin jama'a, inda suka sami wata ma'aikaciya, Malama Taibatu.

Hindu ta ce, "Ita ta warware muna zancen. Ta ce ƙofa biyu ce. Ta farko, a roƙi alƙali shi raba auren saboda cuta. Ta biyu, a shigar da ƙarar laifi. Ta ce a littafin gwamnati, wanga da suke ce ma final kot, in miji ya taɓa matarsa ba a cika ɗaga kai ba, amma in ta kai ga karya ƙashi, ya zama babban laifi, ko miji ko ba miji ba. To kowace ƙofa muka dosa, abu guda ake tambayarmu. Ina shaida?"

Hashimu ya ce, "Maƙwabta fa?"

Tsohuwar ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Waɗanne? Shekara tara tana zaune da shi a tsohon gari, duk unguwa ta san kukanta. Da a da ne, ko rantsuwa ba a nema, mutum goma za su miƙe su ce mun daɗe muna ji. Ruwa ya watsa su. Kwana tara muka yi muna bin sawunsu. Waɗansu suna Sabuwar Maradun, muka je aka ce sun tashi. Waɗansu sun yi arewa. Dattawa biyu da suka sha shiga tsakani sun rasu. Tsohuwa guda muka samu, ita ma kunnenta ya tafi, muna zancen kotu tana ba mu labarin rafinta na albasa. A Ruwan Gizo kuwa baƙi ne su, ɗakinsu can bayan gari bakin hanyar ruwa, ba mai jin komai sai rurin inji."

"Asibiti?"

"Bai taɓa kai ta ba, balle a ce akwai kati. Malama Taibatu ta kai ta aka ɗauki hoton ƙashi. Likita ya rubuta cewa an karye wuri uku an warke. Amma ya ce hoto ba ya faɗin abin da ya karya. Shi kuwa mijin ya tsaya gaban Malam alƙali ya ce santsin siminti ne, wurin ɗiban ruwa take zamewa."

Ta numfasa, ta dubi Lantana, wadda tun zuwansu idonta ke kan tabarma.

"Malam ya ce in ba mu kawo shaida ranar Litinin ba, zai sa a zaunar da su kusa da wani mutumin kirki wata uku, shi sa ido, shi kawo labari. Haka shari'a ta tanada, ba mu ga laifin Malam ba. Amma ɗaki guda ne, Malam Hashimu, ƙofa guda, kuma shi ne mai rufe ta."

Hashimu ya dubi hannun Lantana. Sau uku aka kawo masa wannan mata cikin shekara biyu. Na farko yatsu biyu ne. Na biyu haƙarƙari, ta wajen baya. Na uku shi ne hannun. A ƙa'idar aikin, wanda ya kawo mai karaya shi ke riƙe shi lokacin da za a ja, kuma duk sau ukun Mamuda ne ya riƙe ta. Hashimu ya ja ƙasusuwan maza masu gemu suna kiran uwayensu. Lantana ba ta taɓa yin ƙara ba lokacin ja. Sai dai duk sa'ad da tafin mijin ya sauka a kafaɗarta, jikinta yakan ƙanƙame, har sai maɗorin ya jira ta saki kafin ya iya aiki. Ya lura da wannan tun zuwan farko. Ya shafa man shanu, ya yi tofi, ya jera kara, ya ɗaure, ya sallame su.

Ya ce, "Hindu, kin san gidanmu."

"Na sani."

"To kin san ba ni da abin da zan ba ku. Ban taɓa taka kotu ba, ubana bai taɓa ba. In na buɗe baki a kan guda, mi zan ce ma sauran? Akwai mutane a ƙasar nan da ke barci saboda sun san ba na magana."

"Ita kuwa ba ta barci."

"Ku yi haƙuri. Allah shi kawo mafita."

Hindu ta fara tattara mayafinta. A nan ne Lantana ta ɗaga kai, karo na farko.

Ta ce, "Baba, in yi tambaya?"

"Yi, ɗiyata."

"Daga inda muke, asibitin Mafara ta fi kusa. Akwai ma wani mai ɗori a hanya, ba ko nisa. Ka san mi ya sa yake wuce su duka, shi ɗora ni a bayan a-kori-kura da karyayyen hannu, mu yi ta girgiza har Damri?"

Ba ta jira amsarsa ba, ta ci gaba.

"Shi da bakinsa ya gaya mani, a hanya, zuwanmu na biyu. Ya ce, in kai ki asibiti su tambaye ki su rubuta? Zan kai ki inda ba a tambaya." Ta sauke kai. "Ba don in ɓata maka rai na faɗa ba, Baba. Ka yi mani aiki, hannu ya kama. Na ga dai ya kamata ka sani."

Suka yi sallama. Matar Hashimu ta biyo su da ƙwaryar fura har ƙofar gida, yana jin suna godiya. Ya ɗauki wuƙar ya ci gaba da feƙe kara, amma ya ɓata guda huɗu a jere.

Alhamis da Juma'a ya yi aikinsa kamar kullum. Ya ɗora ƙafar wani Bafulatani da saniya ta taka, ya gyara targaɗe biyu. Zancen dai bai bar shi ba, kuma ba shi da ikon neman shawarar kowa, domin neman shawarar ma faɗi ne. Bayan sallar Juma'a ya tsaya jim kaɗan kusa da liman, suka gaisa, ya tambayi lafiyar iyali, ya wuce. Ya yi ta juya alkawarin a ransa. Mahaifinsa ya sa shi ya ɗauka ne don kada mai ciwo ya ji tsoron zuwa. Bai taɓa tunanin cewa wanda ya yi ciwon ma zai iya fakewa da shi ba. Ko tsohon ya taɓa gamuwa da irin wannan, ya haɗiye? Wataƙila. Ba wanda ya rage da za a tambaya.

Ranar Asabar da la'asar sai ga Mamuda, da kwandon tumatir a bayan keke. Mutum ne dogo, siriri, mai ladabin gaisuwa. Ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa, ya daɗe yana gaisuwa.

Ya ce, "Baba, ɗan abin rafi ne, na ce a kawo wa Inna ta yi miya."

"An gode."

"Na ji an ce sun zo."

"Mutane da yawa suna zuwa."

Mamuda ya yi murmushi, kamar wannan amsar ce ya zo nema. "Haka na ce wa kaina. Na ce Gwaggo Hindu ta wahalar da ƙafarta a banza. Ai kowa ya san gidan nan. Ko gwamna ya zo ba ya jin komai." Ya gyara durƙuso. "Rigimar mata ce, Baba. In ta dawo zan lallaɓa ta. In ma wani abu ya faru, ai ga ku nan, hannunku da albarka."

Hashimu ya dube shi sosai. Babu alamar mugunta a fuskar, sai natsuwar mutumin da ya san yana da wurin zuwa.

Ya ce, "Ɗauki tumatirinka, Mamuda. Muna da shi."

"Haba Baba, ai ba a mayar da..."

"Ɗauki."

Ranar Litinin, bayan sallar asuba, ya sa rigarsa ta Juma'a. Matarsa ta tambaye shi ina za shi, ya ce Mafara. Ba ta ƙara tambaya ba. Motar da ya samu ta kayan gwari ce, aka cusa shi tsakanin kwanduna, suka bi ta gefen gonakin alkama da dogayen hanyoyin ruwa na siminti, inda a da yake ratsa fadama a ƙafa. Kafin su isa, gwiwoyinsa sun sage.

Harabar kotun cike take, galibi masu shari'ar gona, kowa da takardarsa a ninke cikin hula ko aljihu. Da yawa sun san shi. Aka yi ta gaishe shi ana mamaki, ana tambaya ko wani ne ya karye a ciki. Ya hango Hindu da Lantana a gindin darbejiya tare da wata mata mai tabarau da jakar takardu, ya gane ita ce Malama Taibatu. Hindu ta yunƙura za ta taso, ya ɗaga mata hannu ta zauna. Sai wajen azahar masinja ya kira sunansu.

Alƙalin dattijo ne mai sanyin murya, ga muhutinsa a gefe yana rubutu. Mamuda yana durƙushe a dama. Da ya ga Hashimu ya shigo sai ya ɗan rusuna masa, har yanzu bai ga abin damuwa ba.

Alƙali ya tambayi Lantana ko ta kawo shaida. Ta waiwaya ta dubi tsohon. Hashimu ya matso ya zauna, ya faɗi sunansa da na mahaifinsa da garinsa da sana'arsa.

Alƙali ya ce, "Na san sunan gidanku. Ba ku saba zuwa nan ba."

"Ba mu saba ba, Allah gafarta Malam."

"Ka ga wannan mutum ya doki wannan mata?"

"Ban gani ba."

"Ta taɓa gaya maka ya doke ta, lokacin da kake mata aiki?"

"Ba ta taɓa ba. Ni ma ban tambaya ba."

"To mi ka zo da shi?"

Shekara hamsin da wani abu Hashimu yana riƙe da irin wannan magana, har bai san ta inda ake fara ta ba. Ya ce, "In Malam ya yarda, a ba ni hannun."

Aka yarda. Lantana ta zare hannun daga mayafi ta miƙa. Da yatsunsa suka taɓa ƙashi sai maganar ta zo masa da sauƙi, domin wannan ya sani.

"Allah gafarta Malam, wanda ya zame, tafinsa yake kaiwa ƙasa. Ba a koya wa kowa, ko jariri haka yake yi. Saboda haka nan yake karyewa." Ya taɓa wuyan hannun. "Na ɗora irinsa ba adadi, tun da aka zuba simintin nan ma abin ya ƙaru. Nan wurin nata lafiya lau yake, bai taɓa ko tsagewa ba. Karayarta ga ta nan." Ya matsa yatsa zuwa tsakiya, tsakanin wuyan hannu da gwiwar hannu, ta gefen ƙaramin yatsa. "A nan ƙashi biyu ne a jere. Na waje ne kaɗai ya karye, na cikin bai ji komai ba. Malam ya sa a taɓa, ga ƙullin. Ƙasa ba ta zaɓar ƙashi guda ta bar ɗan'uwansa a wannan wurin. Wanda ke karyewa haka shi ne wanda ya ɗaga hannu ya kare kansa."

Ya ɗaga nasa hannun a gaban goshinsa ya nuna. Muhuti ya daina rubutu yana kallo, alƙali ya yi masa alama ya ci gaba.

"Da aka kawo ta akwai shatin abin a fata, dogo, mai faɗin yatsu biyu. Itace ne mai santsi. Haƙarƙarinta kuma ta baya ya karye, guda biyu, sama da inda mutum ke faɗuwa a kai. Yatsun nan biyu baya aka lanƙwasa su. Wanda ya yi, ban gani ba, ba kuma zan ce na gani ba. Amma ba santsi ba ne. A kan wannan in an ba ni Alƙur'ani zan dafa."

Mamuda ya miƙe a kan gwiwoyinsa, jijiyar wuyansa ta fito.

Ya ce, "Baba! Ka ci amanata! Na wuce asibiti, na wuce kowa, na kawo ma ita don gidanku ba a faɗi! Sau uku ina..."

Ya tsaya. Masinja ya matso zai zaunar da shi, alƙali ya hana.

Alƙali ya ce, cikin sanyin muryar nan tasa, "Ba a faɗin mi, Mamuda? Santsin siminti abin ɓoyewa ne?"

Mamuda ya koma ya zauna a kan dugadugansa. Da ya yi magana, ƙasa yake kallo.

"Ƙotar fartanya ce, Allah gafarta Malam. Ban yi niyyar karya ta ba. Malam bai san yadda nike ba. Fadamar ubana tana ƙarƙashin ruwa. Kamfani ya ɗauke ni aiki, ya gama da ni ya sallame ni. Yanzu gonar wani nike nomawa, a garin wani. In na shigo gida raina a ɓace, ita kuma..."

"Dubi harabar can," in ji alƙali. "Duk wanda ka gani ruwa ya ci masa wani abu. Kullum suna gabana. Yatsun fa? Su ma fartanya ce?"



Alƙali ya sa aka karanta abin da aka rubuta, kowa ya ji. Sa'an nan ya yanke cewa cuta ta tabbata da shaidar masanin sana'a da takardar likita da kuma bakin mijin kansa. Ya raba auren. Ya ce Lantana ta yi idda a gidan gwaggonta a Faru, kada Mamuda ya je can, kada kuma ya aika. Hindu ta kifa fuskarta a tafin hannu. Lantana ba ta motsa ba, sai hannun da ta mayar cikin mayafi a hankali.

Alƙali ya ce, "Saura magana ta biyu. Aure daban, laifi daban. Karya ƙashi babban rauni ne a doka. In kina so a bi shi, za ki je caji ofis ki ba da bayani, a haɗa da takardar likita, a sa rana. Za a sake kiran shaida. Ba yau za a gama ba, ba kuma zuwa guda ba ne. In kin yafe, ki faɗa. Ba mai tilasta maki."

Malama Taibatu ta sunkuya ta raɗa mata cewa ba dole ta amsa yanzu ba, kuma in ta zaɓi zuwa za ta raka ta. Hindu ta ce a hankali, "Lantana, mun samu abin da muka zo nema. Ƙafafuna sun ƙare. Mu tafi gida."

Hashimu ya ga gajiyar da ke fuskar Lantana, ya ɗauka za ta yafe, kuma a ransa ya so ta yafe, don kowa ya huta.

Ta ce, "Allah gafarta Malam, zai sake aure."

"Wannan ba a hana shi ba."

"To a bi."

Aka rubuta. Muhuti ya duba littafinsa ya faɗi ranar da za a dawo bayan ta je caji ofis, Litinin ta uku mai zuwa. Ya dubi Hashimu ya ce za a aika masa da sammaci, tsohon ya ce ba sai an wahalar da masinja ba, ya ji.

Kafin su fito, maganar ta riga su fita. Waɗansu daga cikin masu shari'ar gona da suka taso suka gaishe shi ɗazu, yanzu daga zaune suka ɗaga hannu. Wani mutumin Bakura, wanda Hashimu ya san kafaɗarsa fiye da fuskarsa, ya dube shi ido cikin ido, sa'an nan ya juya ya shiga zance da na kusa da shi. Hashimu ya so ya je ya ce masa sirrinsa yana nan a rufe, amma ya ga ba shi da abin da zai sa mutumin ya yarda. Ya wuce.

A tasha motar Maradun, wadda su Hindu za su shiga, ita ce ta fara cika. Hindu ta yi ta sa masa albarka har muryarta ta dushe, ta shiga ta zauna. Lantana ta durƙusa a gabansa, cikin ƙura da ɓawon rake.

Ta ce, "Baba, na jawo maka."

"Tashi, ɗiyata, za a cike wurinki. Kada ki yi daka da hannun nan sai bayan damina."

"Ranar da aka sa, za ka iya dawowa? Hanyar da nisa."

"Da nisa," in ji shi. "In da rai zan zo."

Ta shiga, motar ta tashi. Ya tambayi ɗan kamasho motar Bakura, wadda za ta kai shi wajen Damri, aka ce saura mutum shida. Ya nemi inuwa ya zauna a kan wani tsohon taya, ya miƙe ƙafafunsa, yana jira ta cika.